Rumfar da Baba Ya Yi wa Garma

Shekaranjiya aka kira kafinta gidan nan, wai ya yi wa injin ban-ruwa rumfa. Ya zo a kan babur da katako da kwano, ya yi ta bugu yana amsa waya, kafin a kira azahar ya wanke hannu ya tafi. Ina zaune bakin ƙofar ɗakina ina kallon ikon Allah. Samari uku ne a gidan nan, ƙarti majiya ƙarfi, amma babu wanda ya miƙa masa ko da ƙusa. Ban tanka ba, don yanzu in ka yi magana sai a ce rigimar tsufa ce. Sai dai ƙarar gudumar nan a kan kwano ta ƙi barin kunnena, har ta ɗauke ni ta kai ni gidan mahaifina, a wani ɗan ƙauye tsakanin Kudan da Makarfi, shekarar da muka yi tamu rumfar da hannunmu.

A wancan zamani aiki ba ya ihu irin wannan. In ana kafa rumfa, abin da za ka ji shi ne dagi yana cin ƙasa, tim, tim, da kukan igiyar rama in an ja ta a jikin itace, da amon taɓarya daga cikin gida. In iska ta juyo sai ka ji jirgin ƙasa yana kuka daga wajen Likoro, mata su ce to, a ɗora tukunya. Ƙusa kuwa ban san na taɓa ganinta a gidanmu ba, in ba a jikin akwatin Inna ba. Komai ɗauri ne. Wanda ya iya ɗauri ba a raina shi, domin tsofaffinmu kan ce a ƙulli ake gane hannun namiji, kamar yadda ake gane hankalin mace a murhunta.

Lokacin ba a daɗe da cewa Turawa sun sauka ba, mulki ya dawo hannun namu. Mu a ƙauye ba mu ga rana ta sake mafita ba. Abin da muka gani shi ne malamin gona mai keke ya yawaita zuwa, yana zama gindin tsamiya yana ba magidanta labarin huɗar shanu, wai abin da mutum goma za su yini suna huɗawa, bijimai biyu za su gama kafin rana ta take. Kowa ya ji, ya yi dariya, ya kakkaɓe rigarsa ya tashi. Baba ne kaɗai bai yi dariya ba. Ya riƙe maganar a cikinsa damina biyu, ya kai 'yan bijimansa wurin wani Bafillatani amininsa suka hore su, ya sayar da audugarsa, rannan da la'asar sai ga shi ya dawo daga Makarfi da jakuna biyu an ɗora musu ƙarafa. Da aka harhaɗa garmar shanun a ƙofar gida, garin nan kaf ya zo kallo. Shuɗiya ce, fenti sai ƙyalli yake, ga hannuwa biyu kamar ƙahon sa, ga 'yar taya a gaba. Yara suna taɓawa suna rugawa. Wata tsohuwa ta matso ta tambayi Baba me ake ba ta ta ci.

Mutum ɗaya ne bai tashi daga buzunsa ba, wato Kaka, mahaifin Baba, wanda gandun gidan yake hannunsa. Shi a ganinsa ƙasar da ta ciyar da iyayensa da garmar hannu ba ta yi laifin da za a sa dabba ta yayyaga ta ba. Bai hana ba, tun da ba da dukiyarsa aka saya ba, amma ya ce ba za ta taka gonar gandu ba, kuma ba za ta kwana masa a zaure ba, nan yake salla, nan yake karɓar baƙi. Sai aka rasa wurin ajiye ta. Fartanya da lauje da sungumi ƙarƙashin rumbu suke kwana tun kafin a haife mu, wannan kuwa ko karya ta aka yi ba za ta shiga ba. Ta yi mako uku a gindin tsamiya kaji suna hawa suna yi mata kashi, masu wucewa suna tambayar Baba ko baƙuwar tasa har yanzu ba a ba ta masauki ba. Malamin gona kuwa ya riga ya gargaɗe shi cewa in ta sha ruwan damina ɗaya a waje, tsatsa za ta cinye ta. Ga bazara ta kai maƙura, ga shamuwa ta iso tana ta jidar ƙirare a kan rimi.

Hadari a wajenmu daga gabas yake tasowa, saboda haka duk abin da ake so ya tsira daga feshi, yamma da bango ake ajiye shi. Dogon bango mai kallon yamma kuwa ɗaya ne tak a gidanmu, bayan soron Kaka, wanda ya gina da hannunsa tun yana saurayi, kowane rani kuma shi yake yaɓe abinsa, ba ya bari a taya shi. Baba ya je ya durƙusa, ya roƙa a bar shi ya jingina rumfa a jikin bangon. Ina shara a zaure a lokacin, na ji amsar da kunnena.

"Jingina," in ji Kaka. "Amma bangon nan ya girme ka, kuma ruwa bai taɓa cin gindinsa ba. Ranar da rumfarka ta zubo masa ruwa, kasuwa mai zuwa ƙarfen nan ya koma Makarfi a kan jakin da ya kawo shi."

Baba ya ce ya ji ya yarda. A gidanmu ba a maimaita magana.

Da ya so, da ya kira gayya, rana ɗaya an gama. Amma dariyar mutane ta riga ta sosa shi, ya ce wanda ya sayi garma shi zai yi mata ɗaki. Sai muka zama mu ne gayyar tasa. Ya shiga daji ya saro dirkoki shida na marke, wato itatuwa masu baki biyu a sama inda ake ɗora na kwance, ya babbake gindinsu a wuta saboda gara. Inna ta jiƙa rama, ta zauna tana murza igiya a cinya har fatar wurin ta yi ja. Ƙannena suna jawo kara daga bayan gida, rabi aiki rabi kokawa. Ni kuwa ruwa ne nawa. Ƙasar bazara ta fi ƙarfin dagi, sai an fara ɗan rami an cika shi da ruwa, a bar shi ya sha, a dawo a haƙa, a sake cikawa. Sawu nawa na yi zuwa rijiya, Allah kaɗai ya sani, gammona har ya lotse. Kowane rami in ya kai, a zuba toka, a tsai da dirka, a cusa ƙasa a daddanna da gindin dagi.

Ban taɓa ganin gidanmu cikin nishaɗi kamar kwanakin nan ba. Matar Bafillatanin tana kawo nono da hantsi, Inna ta dama fura a babbar ƙwarya, mu zauna a ƙasa jikinmu duk toka ludayi yana zagayawa. Baba, mutumin da sai ka shekara ba ka ga haƙorinsa ba, ya riƙa 'yar waƙa ƙasa-ƙasa yana ɗauri, in ya ga an lura sai ya mai da ita tari. Kaka kuma ya jawo buzunsa kusa, wai iska yake sha, amma babu ramin da bai ce ya karkace ba, babu ƙullin da bai ce na mata ba ne. Yaran yanzu in an ce musu aiki yana da daɗi sai su ga kamar ƙarya ake musu. Ba su taɓa cin abinci da hannun da ya yi kanta ba, ina za su sani?

To, a nan sai na faɗi wani abu, don 'yan baya ba su san shi ba. Ni ce 'yar fari a gidanmu, kuma a lokacin ɗan fari abin kunya ne ga iyayensa. Baba bai taɓa kiran sunana ba, haka Inna. In yana son ruwa sai ya ce wa ƙanwata ta gaya wa yayarta. Ni ma ba na ɗaga ido in dube shi, balle in fara masa magana. Ba ƙiyayya ba ce, kowa ya san haka ake yi. Yanzu ina ganin 'yar fari ta haye cinyar ubanta tana ja masa gemu, yana kiran sunanta har da ƙari, in kau da kai. Wanda nake sakewa da shi Kaka ne, domin tsakanin jika da kaka babu shamaki. Yana ce mini Uwargida, ina ce masa tsohon miji, mu yini muna tsiya, abin da na ga dama shi nake gaya masa.

Ranar da aka ɗora itatuwan kwance aka shimfiɗa kara, ina dawowa daga rijiya da tulu a kai, na hango rumfar ta gefe, sai na ja na tsaya. Goshinta ya ɗaga sama, bayanta ya sunkuya wajen bango, kamar hular da aka tura ƙeya. Kaɗan ne, bai fi tafin hannu ba, amma ido ba mudu ba ne, ya san kima. Kuma ba sakaci Baba ya yi ba. Rumfa a wurinmu abar inuwa ce, shimfiɗe ake yin ta, a sha iska da rani, a shanya kuɓewa a sama, in damina ta zo ruwa ya bi ta tsakanin kara ya wuce, babu mai damuwa. Abin da ake yi don ruwa shi ne jinkar ɗaki, ita kuwa zagaye take da tsini. Rumfa mai tare ruwa babu wanda ya taɓa yi a garinmu. Baba ya zaɓi dirkokin da suka fi tsawo ya sa a gaba don ya riƙa shiga da karkiya a kafaɗa ba tare da ya sunkuya ba, sannan ya ɗora zana a kan karan, ya bi da shuci, ciyawar jinka, mai kauri yadda ko ɗigo ba zai ratsa ba. Ruwan da ba zai ratsa ba kuwa dole ya nemi hanya.

Abin da ya sa na gani, tun ina ƙarama nake bin tsofaffin mata wurin daɓe, ni ke yayyafa musu ruwan makuba, jiƙon ɓawon ɗorawa mai sa daɓe ƙarfi. Akwai wata a cikinsu, ita ce shugabar aikin, ba ta bari a fara bugu sai ta ɗebi ruwa a ludayi ta zuba a tsakiyar ɗaki ta tsaya tana kallo. In ya nufi ƙofa, a buga. In ya nufi ƙuryar gado, a ƙara ƙasa. Takan ce kada a yi gardama, a tambayi ruwa, shi bai san girman kowa ba.

Kwana biyu ina yawo da abin nan a ciki. Baba ba zan iya gaya masa ba. Na raɓa kusa da Inna a madafa, na ce wa ƙanwata, yadda Inna za ta ji, ni dai kamar rumfar nan ta kwanta ta baya. Inna ba ta dube ni ba, ta ce wa tukunyar da take tuƙawa yarinya ba ta auna aikin ubanta. Saura Kaka, wanda zan iya gaya wa komai. Amma shi ne mai bango, shi ne kuma mai son garma ta koma. In na faɗa masa, na ba shi sanda ke nan. In na yi shiru, ruwan farko zai faɗa masa. Ni kuwa na ga yadda Baba yake tsayawa gindin tsamiya yana goge kashin kaji daga jikin garmar nan da gefen rigarsa, in yana zaton babu mai ganinsa.

Rana ta uku da la'asar aka gama ɗaurin ƙarshe, Baba ya ce gobe za a shigo da ita. Yana zaune gefe yana gyaran igiyar karkiya. Kaka ya shigar da buzunsa cikin sabuwar inuwa, ya jingina da bangonsa, sanye da farar rigarsa. Na iso da tulu cike.

"Uwargida, haka za ki wuce mijinki babu gaisuwa? Ko kin yi sabon saurayi a bakin rijiya?"

Na ce, "Wane miji, wanda zafi ya gama narkarwa? Zauna nan, bari in yi maka damina."

Akwai wani tsohon turmi a kife a wurin, wanda Baba yake takawa in zai yi ɗauri. Ban tsaya tunani ba, don da na tsaya da ban yi ba. Na taka shi, na karkata tulun daga kaina, na juye shi kaf a kan shucin. Kowa ya ɗaga kai. Ko ɗigo bai sauko ba, har Kaka ya fara cewa daminar tawa irin ta matsiyata ce. Bai rufe baki ba ruwan ya tattaru can baya, ya bi bango ya gangaro, jawur da ƙasar yaɓe, ya shige masa ta wuyan riga.

Tsohon da kullum yake cewa gwiwa ta hana shi sakat, sai ga shi a tsaye kamar ɗan shekara ashirin, yana laluben sandarsa.

"Ja'ira! Na sake ki, ki tattara kayanki!"

Ƙannena suka faɗi ƙasa suna birgima. Daga bayan danga na ji Inna tana fama da dariya tana toshe baki da zane. Ni dai ina kan turmi, na saci kallon Baba. Bai dube ni ba, bai dubi Kaka ba. Bangon yake kallo, inda ruwa ya ja layi uku tun daga sama har gindi, ya taru a ƙasa yana cin yaɓe. Sai a lokacin na gane abin da na aikata. Abin da nake tsoron ruwan sama ya nuna wa Kaka, ni na nuna masa da hannuna. Na sauko daga kan turmin.

Kaka ya matse gefen rigarsa. Ya sa yatsa ya taɓa jiƙaƙƙen yaɓen, ya murza, ya daɗe yana duban abin da ya maƙale masa a yatsa. Sannan ya fita daga rumfar, ya ɗaga kai ya dubi gabas, ya ce, ba da kowa yake ba, "Sama dai fari tas. Da sauran kwana biyu, ko uku." Ya naɗe buzunsa ya shige gida.

Baba ya ajiye igiyar hannunsa. Na ce yau zan sha dukan da ban taɓa sha ba. Sai na ji ya ce wa ƙanwata ta gaya wa yayarta ta ƙaro ruwa, ramuka za su sha.

Nan amfanin ɗauri yake. Da ƙusa ce, da sai an fasa an yi asara. Kafin magariba mun kwance rumfar nan tas, ko igiya ɗaya ba a yanke ba. Washegari aka tumɓuke dirkokin gaba, aka ƙara wa kowane rami zurfin kamu guda, har goshin rumfar ya sunkuya sosai, Baba da kansa sai ya duƙa yake shiga. Muna cikin mai da kara sai ga Kaka ya fito da 'yar wuƙarsa, ya naɗe hannun riga. Ya ce wannan shimfiɗar shuci da aka yi ko akuya ba za ta yarda da ita ba, a ba shi wuri, kuma kada wani ya zaci don ƙarfe yake yi, bangonsa yake ji. Ya fara baibaya daga ƙasa yana hawa, kowane layi yana rufe kan na ƙasansa, Baba yana miƙa masa shuci kamar yaron gida, yana shan faɗa yana cewa to. Daga baya na yi ta tunani, tsohon da ya ga karkatar kowane rami, anya bai ga karkatar rumfa ɗungurungum ba? Kuma me ya kai shi zama daidai wurin da farar riga? Na tambaye shi sau ɗaya, ya ce matar da aka saka ba ta da bakin tambaya.

Da aka gama, na dawo daga rijiya na sauke tulu zan wuce. Baba ya tashi, ya mirgino turmin nan da kansa, ya kife shi a gaban rumfa, ya daddanna ya ga ya zauna, sannan ya ja da baya ya tsaya yana kallon wani wuri daban. Sai na gane da ni yake. Na ɗauki tulu na hau. Ruwan ya bi shuci ya zubo ta gaba, shar, a kan ƙafafun ƙannena. Muka je gindin tsamiya gaba ɗaya muka turo garma, tayar tana ƙara, yaran unguwa suna bin mu da tafi. Aka rataye karkiya da sarƙa a jikin dirka, fartanyoyi ma aka kwaso su daga ƙarƙashin rumbu aka jera.

Kwana biyu tsakani, bayan azahar, gabas ta yi baƙi. Iska ta taso da ƙamshin ƙasa, kaji suka ruga, mata suna kwashe shanya. Maimakon kowa ya shige ɗaki, sai muka tsinci kanmu duka a ƙarƙashin rumfa, a matse da garma, har Inna da ba ta fitowa. Ruwa ya kece kamar da bakin ƙwarya. Yana sauka ta gabanmu kamar labule, mu kuwa ko feshi. Kowa bango yake satar kallo. Da ruwan ya ɗan tsagaita, Kaka ya tashi, ya ɗora tafinsa a kan yaɓe, ya shafa tun daga wannan kusurwa har waccan, ya tsuguna da gwiwar tasa ya shafa gindi. Ya buɗe hannun ya duba. Ƙura ce.

Ya goge a rigarsa, ya ce wa Baba, "Gobe ƙasa za ta yi laushi. Ka fara da gonar gandu, in ga abin da ƙarfen naka ya iya."

Baba ya ce to. Ya duƙa ya fita cikin yayyafi, wai zai duba bijimai, ko hula bai sa ba. Yana juya baya na hango gefen fuskarsa, haƙora duk a waje.